Dusar ƙanƙara ta sauka a Afrilu, rana za ta fito: in bi abokaina dutse ranar Asabar?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne daga Damagaram, shekarata ta uku ke nan a Grenoble da ke Faransa. Hunturu biyu na yi ina koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara a Chamrousse, a hanyoyin da aka gyara, kuma yanzu ba na yawan faɗuwa. Jiya Laraba da yau Alhamis dusa ta sauka sosai a duwatsun Belledonne, an ce ta kai santimita 50 a can sama. Ranar Asabar kuma an ce gari zai washe, rana za ta fito. Abokan karatuna uku suna so mu hau da ƙafa, wajen da ba a gyara ba, mu sauko da zamiya. Na ga sanarwar haɗari ta ce mataki na 3, amma sun ce a watan Afrilu dusa ta riga ta zauna, zaftarewa ta Janairu da Fabrairu ce, kuma 3 cikin 5 ai tsaka-tsaki ne. Gaskiya ne? In bi su?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka yi tambayar nan tun yau, ba ka bari sai kun isa gindin dutse ba. Abu biyu ka haɗa: ko haɗarin zaftarewar dusa yana ƙarewa da shigowar Afrilu, da kuma ko ya dace kai, da abin da ka iya a yau, ka bi su jibi. Amsar ta farko a'a ce. Ta biyun ma a'a ce, muddin gangara mai tsayi suke nufi. Na daɗe a wannan yanki, na fara kamar yadda ka fara, kuma shekaru da dama ke nan ina jagorantar fita a wata ƙungiyar masu hawan dutse a matsayin ɗan sa kai. A duk ranakun shekara, wadda na fi jin tsoro ita ce irin wannan Asabar ɗin: ranar farko da gari ya washe bayan dusa mai yawa a watan Afrilu ko Mayu.

Abokanka ba ƙarya suka shara ba gaba ɗaya. Idan aka yi kwanaki rana tana narkar da saman dusa, dare yana daskarar da ita, tsohuwar dusar hunturu takan dunƙule ta zama abu guda. Da safe tana da ƙarfi kamar siminti, da hantsi samanta ya yi laushi kaɗan, zamiya ta yi daɗi, kuma mutum yana iya sanin lokacin da za ta lalace kusan da agogo. Shi ya sa masu wannan harka suke ɗokin Afrilu. Amma wannan siffar tsohuwar dusa ce, wadda ta sha rana ta sha sanyin dare. Santimita 50 ɗin da ta sauka jiya da yau ba ta sha komai ba tukuna.

Ranar 8 ga Mayu 2021, bayan sabuwar dusa da ɗumamar yanayi, mutum 7 suka rasu a yankin Savoie na Faransa a rana ɗaya: huɗu a wajen Valloire kusa da mashigar Galibier, uku a dutsen Pourri. Ranar 9 ga Afrilu 2023 zaftarewa ta kashe mutum 6 a ƙanƙarar Armancette da ke yankin Mont Blanc, biyu daga cikinsu ƙwararrun jagorori ne, kuma sanarwar ranar mataki na 2 ta ce, ba ma 3 ba. A tsakiyar Afrilun 2025 dusar da ta sauka a Tignes ta haura mita guda cikin ɗan lokaci, har hukuma ta umarci mutanen garin su zauna a gida.

Daɓe a kan gero

Zaftarewar da ta fi kashe masu zamiya ba garin dusa ba ne da ke zubowa kaɗan-kaɗan. Ka ɗauka an watsa gero a kan tudu mai santsi, aka zo aka shimfiɗa daɓe a kansa. Daɓen yana da ƙarfi, ka taka shi ba ka nutse ba, amma ba a kan komai yake zaune ba sai ƙwayoyin da ke mirginawa. Haka dusa take yi: sashe mai haɗe da juna a sama, sashe mai rauni a ƙasansa, wani lokaci kaurinsa bai wuce na yatsa ba. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya fasa mai raunin nan a wuri guda, tsagar ta ruga ta ƙarƙashi, faɗin gangarar gaba ɗaya ya yanke ya taho. Mutum yakan tsinci kansa a tsakiyar daɓen, don tsagar a samansa take buɗewa, kuma cikin 'yan daƙiƙu gudun abin yana iya haura kilomita 100 a sa'a. A wajen tara cikin goma na haɗurran da ke kashe masu zamiya, wanda abin ya rutsa da shi ko wani a cikin tawagarsa ne ya tayar da ita.

A Afrilu sabuwar dusa takan sauka ne a kan ɓawon da rana da dare suka gina, mai santsi kamar tangaran. Idan ta fara sauka da ɗumi, da ɗan danshi, takan manne. Idan ta sauka da sanyi a kan busasshen ɓawo, sai ta zauna kawai ba riƙo. Daga nan sai iska. Kai mutumin Damagaram ne, ka san yadda iska ke kwashe rairayi daga fuskar tudu ta jibge shi a bayansa. Haka take yi da dusa, har ta fi: tana share gefen da take bugawa, ta danƙare ɗaya gefen a ƙarƙashin doron dutse da cikin kwazazzabai. Santimita 50 da aka auna a fili tana iya zama mita guda a bayan doro. Wurin da ido ya fi so, mai sumul kamar an shimfiɗa farin zane, shi ne sau da yawa daɓen iska. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Tudun rairayin nan zai taimake ka a wani abu kuma. Bayansa, inda rairayi ke zubowa da kansa in ka taka, tsayuwarsa ta ɗan haura digiri 30. Daga nan haɗari yake farawa a dusa. Yawancin zaftarewar daɓe tana tashi ne a gangara mai digiri 30 zuwa 45, kuma ta fi yawa a tsakanin 35 da 40, daidai tsayuwar da gwanaye ke jin daɗinta. Ido yana yaudara a nan, don haka ba a dogara da shi. Taswirar IGN, hukumar taswirori ta Faransa, a intanet tana da shafin da ke shafa wa duk gangarar da ta kai digiri 30 launi, launin yana sauyawa a 35 da 40 da 45. Ka duba hanyar da za a bi, ka kuma duba abin da ke samanta, don mutum yana iya tsayawa a fili shimfiɗaɗɗe abin ya sauko masa daga sama.

Werner Munter, jagoran hawan dutse ɗan Suwizalan wanda tsarinsa ya sauya yadda ake koyar da wannan ilimi tun shekarun 1990, ya ba da ma'auni mai sauƙi. Sabuwar dusa ta santimita 10 zuwa 20 ta isa ta zama haɗari in akwai iska mai ƙarfi da sanyi da ɓawo mai santsi a ƙasa. In komai ya yi kyau, iyakar tana tsakanin 30 da 50. Ka ga naku ya kai iyaka ko da a ce babu iska ko kaɗan, kuma da wuya guguwa ta wuce Belledonne ba iska.

Maganar 3 cikin 5 tsaka-tsaki ne kuwa, ita ce kuskuren da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Ma'aunin nan da ƙasashen Turai suka amince da shi a 1993 ba makin jarrabawa ba ne. Kowane mataki ya ninka na ƙasansa. A mataki na 4 da na 5 dutse da kansa yake kora mutane, kowa ya ga abin da ido ya zauna gida. A mataki na 3 gari yana da kyau, dusa tana da kyau, amma mutum ɗaya ya isa ya tayar da daɓe a gangara da yawa. Ƙididdigar cibiyar binciken dusa ta SLF da ke Davos ta nuna wajen rabin masu mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, wajen kashi 30 cikin ɗari kuma a mataki na 2. Ƙa'idar Munter ga masu koyo ita ce a mataki na 3 kar a kai digiri 35. Ni wanda bai taɓa fita ba, ba na kai shi ko 30.

Abin da ranar Afrilu ke yi

Haɗari na biyu ba ya jiran kowa ya taka. A Grenoble, a tsakiyar Disamba rana ba ta ɗagowa fiye da kusurwar digiri 22 daga doron ƙasa ko da tsakar rana. A tsakiyar Afrilu tana kaiwa wajen 55, daidai da ta ƙarshen Agusta. Kana iya jin sanyi a fuskarka, amma dusar tana shan zafin da ba ta sha a Janairu. Sabuwar dusa fara tas tana mayar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na hasken, sai dai da zarar samanta ya jiƙe ta fara dushewa, sai ta ƙara shan zafi, ta ƙara jiƙewa.

Ka tuna katangar laka a damina. Yayyafi ba ya yi mata komai, har ƙarfi yake ƙara mata. Amma in ruwa ya ratsa ta har ciki, sai ka ga ta zauna gaba ɗaya ba wanda ya taɓa ta. Ruwan narkewa yana bi ta cikin dusa yana kwance ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyinta, in ya isa ɓawon da ke ƙasa sai ya kwanta a kansa ya zama mai. Tsohuwar dusa ta riga ta yi wa ruwa magudanai, yana wucewa. Sabuwa ba ta da su. Shi ya sa jiƙewar farko ta fi kowace muni, kuma ita ce za ta faru ranar Asabar. Jiƙaƙƙiyar zaftarewa ba ta kai busasshiya gudu ba, amma nauyinta ya ninka sau uku ko huɗu, tana karya itatuwa, tana bin kwazazzabo har ƙasa inda ciyawa ta riga ta yi kore, tana iya tashi ma a gangarar da ba ta kai digiri 30 ba. In ta tsaya sai ta daskare a jikin mutum, ko yatsa ba ya iya motsawa.

Rana tana bin gangarori ne da layi. Masu kallon gabas su ne na farko, tun da hantsi sun jiƙe. Masu kallon kudu su biyo kafin azahar, na yamma da la'asar. Masu kallon arewa a can sama suna nan da busasshiyar dusarsu, kuma nan ne tarkon yake: wanda ya guje wa rana ya koma arewa, ya je ya tarar da daɓen iska, wani lokaci har da tsohon rauni na tun Janairu da bai warke ba don rana ba ta kai gare shi. A rana ɗaya, a dutse ɗaya, hunturu yana gefe guda, narkewa tana ɗaya gefen.

Abin da ke gyara dusar da ta jiƙe shi ne dare mai taurari. In sama ta washe, dusa tana fitar da zafinta ta daskare ko da ma'aunin zafi bai sauka ƙasa da sifili sosai ba. In gajimare ya rufe, kamar an lulluɓe ta da bargo ne, sai gari ya waye tana nan jiƙe, ko ta yi ɗan ɓawo na yaudara da bai kai kaurin tafin hannu ba. Wannan na koye shi da tsada. Wata shekara a Belledonne mun tashi hawan wata gangara mai kallon gabas, mu biyar. Mun makara da sa'a ɗaya da rabi, daren kuma an yi gajimare. Tun a gindi sandata ta huda ɓawon ta shige har mariƙi, na gani, na ce a raina sama za ta fi. A hanyar saukowa dusa ta kwance a ƙarƙashin ɗaya daga cikinmu, ba ma babba ba, faɗinta bai wuce na ɗaki biyu ba. Ta ja shi a hankali, yana kallonmu muna kallonsa, ta murɗe masa gwiwa a jikin wani dutse. Allah ya sa ba ta binne shi ba, amma bai sake hawa ba sai bayan shekara. Ni ne na ga alamar da safe, ni ne kuma na yi shiru, kuma har yau in sanda ta shige haka ba na tattaunawa da kowa, juyawa muke yi.

Alamomin a fili suke ga mai son gani. Ka cire allon zamiya ka taka da takalmi: in ka nutse har sama da idon sawu cikin dusa mai ruwa, lokaci ya wuce. Ka matsa dusar a hannu, in ruwa ya ɗigo, haka nan. Dunƙule-dunƙule da ke gangarowa daga ƙarƙashin duwatsu suna naɗewa kamar gammo, su ma saƙo ne. A busasshen gefe kuma, tsagar da ke gudu daga bakin allonka, ko wani ƙara mai zurfi kamar an buga ganga a ƙarƙashin ƙasa, yana nufin sashe mai rauni ya rushe a ƙarƙashinka. Mafi girman alama ita ce zaftarewar da ta riga ta sauko a gangara mai kama da taka. Ka kuma nisanci leɓen dusar da iska ke ginawa a kan doro yana leƙen ƙasa, daga sama da daga ƙasa, don zafi yana karya shi kuma yakan karye can baya da inda ake zato. Haka wata tsaga mai kama da buɗaɗɗen baki da ake ganin ciyawa ta cikinta: dusar gaba ɗaya ce ke jan ciki a kan ƙasa, tana iya tafiya da rana ko da tsakar dare, ba a tsayawa a ƙarƙashinta ko don shan ruwa.

Wani abu da zai ba ka mamaki: ƙurar Sahara tana da hannu a wannan lissafi. Iskar kudu takan ɗauko ta ta tsallako da ita Bahar Rum, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2021 da Maris na 2022 lokacin da duwatsun Alps suka koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar garinmu da hazo. Dusar da ƙura ta rina tana shan rana fiye da fara, ta fi saurin narkewa. Nakan tsaya in daɗe ina kallon jan layin nan idan na haƙa rami na same shi a ciki.

Minti goma sha biyar

Ba ka ambaci kayan ceto ba a wasiƙarka, kuma rashin ambaton ya gaya mini abu. Duk mai fita wajen hanyoyin da aka gyara yana ɗauke da abu uku a jikinsa: na'urar nema da Faransawa ke kira DVA, wadda ke aika sigina a kan kilohaz 457 kuma tana iya juyawa ta nemi ta wani, da doguwar sandar soka dusa mai naɗewa, da shebur na ƙarfe. Binciken da Markus Falk da Hermann Brugger da abokiyar aikinsu suka fitar a 1994 daga haɗurran Suwizalan ya nuna wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kashi 92 cikin ɗari suna rayuwa. A minti 35 sai kashi 30. Jandarmomin ceto na dutse gwanaye ne, ana samun su ta lambar 112, amma kafin jirginsu ya tashi ya iso mintocin nan sun tafi. Abokan tafiya ne kaɗai ke iya tono mutum da rai. Don haka tambayar da za ka yi wa abokanka ita ce: yaushe rabonku da binne jaka a dusa ku neme ta da agogo a hannu? Ni kowace farkon hunturu sai na maimaita, kuma kowace shekara sai na ga hannuna ya yi nauyi. Kayan ma ba sa hana zaftarewa, kuma wasu bugun dutse da itace ne ke kashe su kafin a zo maganar numfashi.

Na san abin da ke da wuya ba lissafin digiri ba ne, cewa a'a ne. Kai baƙo ne, sun gayyace ka, ba ka so a ce ɗan Afirka ya ji tsoron dusa. Mu kuma an rene mu da kunyar musa wa wanda ya fi mu sani. Wani mai bincike a Amurka, Ian McCammon, ya bi ɗaruruwan haɗurra a farkon shekarun 2000, ya ga abubuwan da ke jan masu ilimi ma cikin haɗari: sabo da wuri, son a karɓe ka a cikin jama'a, bin wanda ake ganin gwani ne ba tambaya, ɗokin riga kowa taka sabuwar dusa, da ƙin fasa abin da aka riga aka shirya. Ka duba tafiyarku ta Asabar, kusan dukansu suna ciki. Ajali a hannun Allah yake, babu shakka, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yadda zan yi da Asabar ɗin

Daga inda nake ba na ganin gangarar da suke nufi, kuma rubutu ba ya maye gurbin fita da mai koyarwa. Ita kanta sanarwar Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, da ake kira BERA ta dukan jerin duwatsu ce, ba ta gangara ɗaya ba. Amma ka karanta wadda za ta fito gobe Juma'a da misalin ƙarfe 4 na yamma, duka, ba lambar kaɗai ba. Za ta gaya maka fuskokin da suka fi haɗari, tsayin da haɗarin ke farawa, inda sanyi zai kai sifili da dare, da ko matakin zai hau da rana, don a Afrilu sau da yawa lamba biyu ake bayarwa, ta safe da ta bayan hantsi.

In Chamrousse tana buɗe, ka je can ka more sabuwar dusa a hanyoyin da ma'aikata suka tsare, kar ka tsallake igiya. In ta rufe, ka sani hanyoyinta sun koma dutse kamar kowane, ba mai tayar da dusar da nakiya da asuba. Idan kuma lallai kuna son hawa, to ku nemi tudu mai sauƙi wanda taswira ba ta shafa masa launi ba, shi da abin da ke samansa, kowa da kayansa uku an gwada su a wurin ajiye mota, ku tashi bayan sallar asuba, ku dawo mota kafin ƙarfe 11.

Gangarar da suke so kuwa a ba ta kwana biyu ko uku na rana da dare mai taurari, a ga mataki ya sauka, masu kallon arewa a ƙara musu haƙuri fiye da haka. Kafin nan ka nemi horon yini ɗaya na amfani da DVA. Ƙungiyar ANENA mai nazarin dusa da zaftarewa, wadda aka kafa a 1971 bayan zaftarewar Val d'Isère ta Fabrairun 1970 da ta kashe mutum 39, a nan Grenoble take, kuma rassan ƙungiyar masu hawan dutse ta Faransa suna fita da masu koyo. Ka ja abokan nan uku ku je tare. Idan sanarwar gobe ta fito, turo mini sunan wurin da suka zaɓa da fuskar da yake kallo, mu duba taswirar tare kafin ka ba su amsa.